Fim ɗin addini na ƙarfafa bangaskiya, amma ba zai maye gurbin Littafi Mai Tsarki ba

A shekarar 1979 aka fitar da fim ɗin "Jesus", wanda aka gina a kan Bisharar Luka, daga baya aka juya shi zuwa harsuna fiye da 1,000, ciki har da Hausa. Ga Kiristan da bai iya karatu ba, ganin yadda aka gicciye Yesu Almasihu, da jin yana roƙa wa maƙiyansa gafara da harshen da ake yi a gidansu, kan ratsa zuciya fiye da dogon wa'azi. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai abin lura. Mai shirya fim yakan ƙara abin da babu a nassi. A fim ɗin "The Passion of the Christ" na 2004, an nuna Shaiɗan a lambun Gatsemani, alhali babu Bisharar da ta faɗi haka. Wanda ya tsaya a kallo kawai zai ɗauka ayar Allah ce.

Don haka ya kamata coci-coci da iyaye su riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki bayan kowane kallo, a karanta surar, a tattauna. Ta haka hawayen da fim ya jawo za su zama bangaskiya mai saiwa.