Wasiƙa zuwa ga masu gyaran keke na Greensboro

 

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne, na lura duk baƙonmu da ya sauka garin nan daga Maraɗi ko Yamai ko Kano, kafin ya samu lasin tuƙi, ku yake fara tambaya wane keken lantarki zai saya. Sau da yawa aikinsa yana kantuna da gidajen abinci na yammacin titin Wendover, wajen babbar hanyar I-40, gidansa da nisa, bas kuma ba kullum take dacewa da lokacin tashinsa ba. Abin da kuka faɗa masa shi zai bi, guminsa na watanni yana kan harshenku.

Kafin ku nuna masa kowane keke, ku tambaye shi a hawa na nawa yake kwana. Ɗan ƙanwata ne ya koya mini wannan. Ya ga wani keke mai ƙatuwar taya a intanet, kamar babur, ga araha, ya danna ya biya bai shawarci kowa ba. Da aka kawo, nauyinsa ya haura kilo 30, shi kuwa yana hawa na uku, babu lifta. Sati biyu yana kokawa da matakala, sai ya haƙura ya riƙa ɗaure shi a waje. Ruwa ya shiga akwatin da ke rarraba wuta, keke ya yi shiru. Mun rubuta wa kamfanin har mun gaji. Yana nan ƙarƙashin matakala, yara suna hawa suna wasa. Araha dai ba ta ado.

Ku kwatanta shi da irin Turbo Vado SL na kamfanin Specialized, wanda nauyinsa ke wajen kilo 15. Wannan kam, mutum zai saɓa shi a kafaɗa, zai ɗora shi a maratayin gaban bas, idan caji ya ƙare ya taka shi zuwa gida kamar keken da muka sani. Amma ku gaya wa mai saye gaskiya: batirinsa ƙarami ne, injinsa taimako yake yi, ƙafa ce mai aikin, kuma kuɗinsa da zafi. Wanda aljihunsa bai kai ba, ni a ganina gara ku nemo masa na hannu daga kamfanin da aka sani, ku gwada lafiyar batirin, da ya ɗauki sabo dal wanda ba shi da asali.

Batun sunan kamfani kuwa, ku kuka fi kowa sani. Iyayenmu ba don ƙyalli suka riƙe Raleigh da Phoenix ba. Sun riƙe su ne saboda duk inuwar da mai faci yake zaune akwai sarƙarsu da birkinsu. Ma'aunin bai canza ba. VanMoof na ƙasar Holan kekuna ne kyawawa masu tsada, amma da kamfanin ya durƙushe a watan Yulin 2023, masu su suka shiga uku, don yawancin kayan jikinsu nasu ne su kaɗai, har wasu ayyukan keken ma sun dogara da manhajar waya. Keken da ke ɗauke da injin Bosch ko Shimano, da taya da birki irin na kowa, yana da magani a shaguna da yawa. Ku tambayi kanku: idan ya dawo mini bayan shekara uku, zan samu kayansa?

Sai batiri, kuma a nan ina roƙonku da girman Allah. Ku duba tambarin shaidar aminci na UL 2849 a jikin keken. Birnin New York ya hana sayar da wanda ba shi da wannan shaida tun 2023, shekarar da gobara ta tashi cikin dare a wani shagon kekunan lantarki da ke titin Madison, mutum huɗu da ke saman benen suka rasu. Na san hannunku ya saba da farke abu a yi masa dabara, haka muka taso. Ban da batirin lithium. Kada ku farke shi, kada ku haɗa shi da cajar da ba tasa ba, kuma ku gargaɗi mai shi kada ya jona shi a bakin ƙofa ya kwanta barci.

Samari za su zo su ce ku cire musu takunkumin gudu. Ku ƙi. A dokar jihar nan tamu, Karolina ta Arewa, keken lantarki injinsa ba ya wuce wat 750, kuma ba ya wuce mil 20 a awa da ƙarfin injin kaɗai. Ya zarce haka, ya fita daga sahun kekuna, maganar lamba da inshora ta shigo.

Wendover kanta ba titin keke ba ce, wani sashenta ma motoci gudun babbar hanya suke yi. Ku zauna da mai sayen ku nuna masa hanyoyin cikin unguwa a taswirar wayarsa. Kada ya bar shagonku ba fitilar gaba da jar fitilar baya da hular kwano, ko da bashi za ku ba shi.

Allah ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Greensboro