Kitsen da Ido Ba Ya Gani

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da masu sana'a, sau nawa muka ji an ce wane ya buɗe rumfarsa da safe lafiya lau, kafin azahar ya dafe ƙirji ya faɗi? Sai a ce jifa ne. Ajali na Allah ne, ba mu musu. Amma fa sau da yawa akwai sanadi, likitoci kuwa sun san shi.

A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a wani garin Amurka, Framingham. Zuwa 1961 ta bayyana cewa wanda kitsen jininsa ya yi yawa, watau kwalastarol, shi ya fi kusa da bugun zuciya. Kitsen nan yakan taru a jijiyoyin da ke shayar da zuciya, shekara da shekaru, kamar shara a kwata. Ran da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Maza yakan riga kamawa, da shekaru masu dama kafin mata. In ga taba, ga hawan jini, ga ciwon suga, to, hatsarin ya ninka.

Kada siriri ya yi wa mai tumbi dariya. Wani gadon abin ya yi, ba shi da ƙiba ko kaɗan. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, sai awon jini ke tona shi.

Ku tsaya Ƙofar Sauri da almuru, ku ji magidanta wajen mai tsire: "Malam, a sa mini mai kitse!" Ba mu ce a bar nama ba, yaushe ma talaka ya same shi? Cewa muka yi a rage kitse da man shanu da manja, man gyaɗarmu ya fi su sauƙi. Masu tuya su bar maimaita mai har ya yi baƙi. Mai zuwa Ƙofar Soro ya taka da ƙafa wata rana, ya bar babur ya huta.

Akwai kuma magani. A 1994 aka bayyana gwajin simvastatin a kan masu ciwon zuciya 4,444 a arewacin Turai, mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. Sai dai ba a sayensa a kemis da ka, likita ke rubutawa.

Duk namijin da ya kai arba'in lalle ya je a auna jininsa. Hukuma kuwa muna kiranta ta kai awon nan ƙananan asibitocin unguwanni, da kuɗin da ɗan dako zai iya biya ba tare da ya kwana da yunwa ba.