Ba a Sayen Saniya Ɗaya da Rabi

'Yan'uwana ɗalibai, wani zai ce me ya haɗa ɗalibin harshe da lissafi? A ganina haɗin babba ne, musamman ga irinmu da gobe za a miƙa wa littafin lissafin firamare a ce mu mayar da shi Hausa.

Masana lissafi suna da abin da zan kira ƙa'ida: ka saka lamba, ta fitar maka da wata lambar. Idan kuɗin dakon saniya ɗaya sananne ne, ka saka yawan shanu, ƙa'ida ta ba ka jimlar kuɗi. Sai dai kafin a fara, wajibi ne a tsai da irin lambobin da aka yarda su shiga. Wannan shi zan kira fagen ƙa'ida. Ra'ayina shi ne, zaɓen fagen nan ya fi bugun lissafin kansa muhimmanci, kuma Bahaushen kasuwa ya riga ɗan boko saninsa.

Mu ɗauki karar shanu ta Akinyele. Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan, kuma littafin da Abner Cohen ya wallafa a 1969 ya nuna cewa fataucin shanu da goro ne ginshiƙinta. A kara, saniya mai rai ƙirga ta ake yi: 1, 2, 3. Mu ƙaddara mota tana ɗaukar shanu 30, falke kuma yana da 70. Kalkuleta za ta ce mota 2.33. Falken da ya bi ta ya yi hayar mota 2 zai bar shanu 10 a ƙasa. Amsar gaskiya 3 ce, domin mota ba ta rabuwa.

To amma da zarar an yanka saniyar nan an yi watanda, fage ya sauya. Nama ana iya kasa shi kashi 7 ko 20, ana iya ɗora shi a sikeli a ce kilo ɗaya da rabi. Dabba ɗaya ce, amma lambobin da suka dace da ita da safe daban, na yamma daban.

Ga kuma goro. Ƙwarya ɗaya goro 100 ce, saboda haka rabin ƙwarya 50, kwata 25. Amma ba wanda zai nemi sulusin ƙwarya, don 100 ba ta rabuwa gida uku daidai. Haka zakkar tumaki: daga 40 zuwa 120 tunkiya ɗaya, daga 121 zuwa 200 guda biyu. Malamai ba su ce mai tumaki 60 ya ba da ɗaya da rabi ba. Kuɗi ma haka. A 1973 aka fito da naira mai kwabo 100, amma yau wa zai ba ka canjin kwabo a Shasha? Lambar da ke ƙasa da sifili kuwa tana da gurbi a littafin bashi da asara, ba ta da shi a garke.

Abin da ya fi burge ni, ni da na koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, shi ne harshen ya riga ya raba aikin. Akwai "ƙirga" akwai "auna". Ana cewa lemo guda uku, ba a cewa gero guda uku, sai mudu uku ko tiya uku. Kalmar "guda" kaɗai ta isa ta gaya wa yaro cewa cikakkiyar lamba ake nema.

Wani zai ce ai lissafi ba ruwansa da harshe, gara a bar kalmominsa da Turanci yadda duniya ta san su. Gaskiya ne ɗalibi zai buƙace su a gaba. Amma shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da lissafin firamare da Yarbanci tsawon shekara 6, yaran kuma ba su gaza ba. Yaron da ya fahimci bambancin ƙirge da awo a harshensa, sunan Turanci kawai ya rage masa.

Don haka ina kira ga sashenmu: kafin mu ƙirƙiri sabuwar kalma, mu je Akinyele da Sabo mu saurari dillalai da mahauta, mu tattara kalmominsu na ƙirge da awo. Shawarata a ce "lambobin ƙirge" ga 1, 2, 3, a ce "lambobin awo" ga masu karɓar rabi da kwata. Wanda yake da wadda ta fi, shafin nan a buɗe yake. Hausawa dai sun ce da ɗan gari akan ci gari.