Kafin a sayi motar kuran, a duba wayar gida

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta nuna mini hoton wata ƴar ƙaramar mota a salularta, ta ce: "Malam, an ce wannan ba ta shan esansi, kuran ake sa mata kamar salula. Gaskiya ne?" Gaskiya ne, Hajiya. Ƙirar Sin ce, sunanta Wuling Mini EV, ta fito a 2020, kuma a ƙasar da aka ƙera ta mutane da yawa a gida suke sa mata wuta. Sai dai ni tambayar da na mayar mata ita ce: kwantar gidanki ta kilowat nawa ce, kuma wa ya ja miki wayar?

Mu fara da lissafi, tun da da ƴan kasuwa nake magana. Ƙaramar mota irin wannan takan ci kilowat 10 zuwa 14 a tafiyar kilomita 100, irin kilowat ɗin nan da ake lissafa muku a takardar NIGELEC. A ƙaddara ana sayar da kowane ɗaya dala ashirin da biyar, kilowat 12 sun tashi jika ɗaya da rabi. Motar esansi kuwa, in ta sha lita 7 a wannan tafiya, a farashin da gwamnati ta tsaida a 2024, wato 499, kusan dala ɗari, ta cinye jika uku da rabi ke nan. Ga kuma ba canjin man inji, ba fulogi, ba kabireta. Wanda ya kwana a layin gidan mai lokacin ƙarancin esansi na watan Maris 2025 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Riba kam akwai ta.

To, amma inda gizo ke saƙar shi ne wurin cika batirin. Idan aka jona motar a bangon ɗaki, takan ja kusan kilowat 2, ba tsayawa, awa shida zuwa tara. Kamar ka kunna dutsen guga biyu ne tun bayan isha'i ka bar su har asuba. Gidan da kwantarsa ta kilowat 3 ce, ga firiji, ga fanka, ga talabijin, in aka ƙara mota kwantar za ta yi ta faɗuwa. Wannan ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne siririyar wayar nan mai araha da muke saye a faifai, wadda yaro ɗan koyo ya ja, an ɗaure mahaɗarta da leda. Ita ba ta faɗuwa, zafi take yi a hankali cikin dare, kowa na barci. Don haka duk mai niyya ya fara kiran gwanin lantarki na gaske, a ja wa motar wayarta ita kaɗai daga kwanta, mai kauri, da makashinta, da wayar ƙasa. Kada a yarda da doguwar wayar ƙari da ake ja daga ɗaki zuwa zaure. Kuma a tuna farashin kuran hawa-hawa ne, yadda ka ƙara sha haka kilowat ke ƙara tsada, kada takardar ƙarshen wata ta zo a ce an yi cuta.

Sai maganar samun wutar kanta. Ba mu manta Agustan 2023 ba, da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, ba a maido ba sai Maris 2024. An buɗe tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, akwai ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, madalla, amma duk wanda ya yi bazara a Maraɗi ko Damagaram ya san daren Afrilu. Habasha da ta hana shigo da motocin esansi a 2024, sai da babban dam ɗinta a kan kogin Nilu ya fara ba da wuta tukuna.

Ni a ganina, a ƙasarmu wurin da ya dace da cajin waɗannan motoci da baburan kuran shi ne bakin kasuwa, da rana tsaka. Ɗan kasuwa yakan ajiye abin hawansa da hantsi, ba ya waiwayarsa sai la'asar. Awa shida ko bakwai ke nan motar na tsaye, rana na dukanta a banza, alhali zafi ma yana rage wa batir kwana. A kafa rumfa, a rufe ta da faifan hasken rana: inuwa a ƙasa, wuta a sama. Faifai bakwai ko takwas masu wat 400 sun isa su cika ƙaramar mota guda a yini. Sana'ar ba baƙuwa ba ce, yaran da ke cajin salula da gurup a kowace tasha su suka fara ta, girma kawai za ta yi. Amma a yi ta a wajen katanga, nesa da rumfunan atamfa da na roba, da kwanta ta kanta. Mutanen Yamai sun ga babbar kasuwa ta ƙone a 1982, sun ga ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Ma'aikatar magajin gari da shugabannin ƴan kasuwa su ya kamata su ware filin tun yanzu, kafin kowa ya fara saƙalo waya daga shagon maƙwabcinsa.

Game da doguwar tafiya, kada dillali ya ruɗe ku. Mai babban batir a cikin waɗannan na farko kilomita 170 aka rubuta mata, kuma da kaya da zafi da iskar sanyaya ciki ba za ta kai haka ba. Ta isa Tibiri, ta isa Madarunfa, ta je Ɗan Isa ta komo. Damagaram kuwa ta wuce kilomita 200, sai dai a kwana Tasawa ana roƙon mai masauki ya ba da aron bango.

Hajiya ta ce ita daga gida sai kasuwa sai gidan biki. Na ce to ta ki ce, amma ta tambayi mai sayarwa abu biyu a gaban shaidu: nawa ne sabon batir, kuma wane gareji ne a garin nan zai iya buɗe ta in ta tsaya.