Gem Ɗinka Bai Mutu Ba, Kar Ka Yi Saurin Kai Shi Jimeta

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan MAU da ke hostel da masu haya a Sangere. Yau ba maganar lakca ko jarabawa zan yi ba. Maganar gem ɗin hannu ce, irin su PSP, PS Vita da Nintendo Switch, waɗanda da yawanmu muke rage dare da su.

Ra'ayina shi ne: yawancin gem ɗin da muke cewa sun mutu, wallahi ba su mutu ba. Gaggawarmu ce ke ƙarasa su. Mutum ya danna sau biyu bai kawo ba, sai ya ɗauko sukundireba, ko ya hau Keke Napep sai Jimeta, ya kashe kuɗin abincin sati a kan abin da haƙurin awa ɗaya zai gyara.

Farko dai, batir. Batirin litiyom idan ya ƙare ƙarƙaf, ba ya farfaɗowa nan take. Ka jona caji ka bar shi kamar awa ɗaya kafin ka yanke hukunci. Kamfanin Nintendo da kansa ya ce a riƙa yi wa Switch caji aƙalla sau ɗaya duk wata shida. To ku tuna yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk na'urar da aka bari a akwati tsawon wannan lokaci, ai dole ta yi nauyin tashi. Dogon hutu ma haka yake.

Na biyu, wani lokacin gem ɗin a kunne yake, sandarewa kawai ya yi, fuskar ta yi baƙi. Ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 20 a Switch, 30 a Vita, ka saki, sannan ka sake dannawa sau ɗaya. PSP kuwa, ka cire batirin, ka jona caja kai tsaye. In ya kawo, ka gano mai laifin, batir kawai za ka nema.

Na uku, caja. PSP bolt 5 yake sha. Cajar Switch ta asali tana ba da bolt 5 da kuma 15. Don bakin waya ya shiga ba shi ke nufin ta dace ba. Ka gwada wata wayar cajin, ka canza soket, ka leƙa ramin cajin da tocila. Ƙurar hunturu tana cushewa a ciki. Tsinken sakace ya isa, kar ka sa allura.

Sai babban abokin gabarmu: zafin Yola. A Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, alhali an ƙera Switch ne don aiki tsakanin 5 da 35. Mai barin gem yana caji ƙarƙashin filo, ko a bakin taga da rana tsaka, shi ke dafa batirinsa da hannunsa.

Nan kuma ba wasa: in ka ga murfin baya ya ɗago ko batir ya kumbura, kar ka sake jona shi, kar ka huda shi. Yana iya kamawa da wuta, kuma a ɗakin da mutane da yawa ke kwana, ga katifu ga takardu, ba kai kaɗai za ka yi asara ba.

Wani zai ce masu gyara ai sana'arsu ce, a bar musu. Gaskiya ne, kuma in abin ya kai ga cikin injin, wajensu za a je. Amma ka je da sanin abin da ka riga ka gwada, ka tambayi kuɗin aiki kafin a kwance, ka cire katin ajiyarka. Jami'ar nan fa a matsayin ta fasaha aka kafa ta. Abin kunya ne a ce muna da 'yan injiniyan lantarki a kowane lungu, amma ba mai auna mana caja da mita.

Ku tura wa wanda nasa ke kwance a akwati. Allah ya ba mu sa'ar semesta, amin.