Injin buga kayan gyara ba zai tayar da taraktar da ta kwanta ba

Kwanan nan ko'ina ka juya magana ɗaya ce: a sayo injin 3D, mu riƙa buga kayan gyara da kanmu, mu huta da jiran kwantena. Masu faɗin haka sun taɓa tambayar wa ke riƙe da zanen kuwa?

Injin ba ya ƙirƙirar komai. Zanen kwamfuta ake ba shi, ya bi shi layi bayan layi, zanen nan kuma yana kulle a hannun kamfanin da ya ƙera motar ko taraktar. A watan Maris na 2020, lokacin korona, wani asibiti a yankin Biresha ta Italiya ya rasa bawul na na'urar numfashi. Injiniyoyin kamfanin Isinnova sun nemi zanen, ba a ba su ba, sai da suka auna bawul ɗin da hannu suka sake zana shi. Mutane na mutuwa aka yi haka, balle taraktar manomi a Kura. A Amurka ma sai da hukuma ta maka kamfanin tarakta na John Deere a kotu a 2025 kan zargin hana manoma gyara injinansu.

Za a ce ai Deutsche Bahn mai jiragen ƙasan Jamus ta yi. Ta yi, tun 2015, ta buga kayan gyara sama da 100,000 zuwa 2023. To, Jamus ce, wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar aikin awa ashirin. Kuma a duba da kyau: wani ƙaton ƙarfe mai kilo 570 da suka yi alfahari da shi, mazubin yashi suka buga, sannan aka narka ƙarfe aka zuba. Aikin da maƙeran Panteka a Kaduna ke yi ke nan kullum, gumi na zuba, da yashi da tsohon alminiyam.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Kullum injin waje muke hange, mu tsallake mai sana'ar da ke gabanmu. Haka aka yi da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun 1979, har yau muna sayen ƙarfe daga waje. Garin ƙarfen da injin zai ci ma da dala za a shigo da shi.

Duk gwamnatin da za ta sayi tarakta ko jirgin ƙasa, ta rubuta a kwangila cewa zanen kayan gyara zai biyo kayan, a kuma miƙa shi ga 'yan Panteka da na kasuwar Ƙofar Ruwa. Kamfanin da ya ƙi, a bar masa kayansa.