Kayan ɗaki sun canza, ɗaurin kaya bai canza ba

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Kudan, masara ta shiga buhu, rake ya fara fita kasuwa, sai bukukuwa su kankama. A Likoro da Hunƙuyi, har zuwa Maƙarfi da Ikara, lokacin ne ake yawan ganin akori-kura ta sha kaya har ta rankwafa: gado da sif da madubi, katifa a can ƙoli, mata da yara sun ɗare a gefe ana rangaɗa guɗa. Kayan ɗakin amarya ne za a kai jere, ko kuma wani malamin makaranta ne aka yi wa canjin wurin aiki yake tashi da iyalinsa. Idan aka sauke aka tarar madubi ya tsage, ƙafar gado ta ɓalle, laifin yakan faɗa kan direba ko ramukan hanya. Ni kuwa a ganina yawancin wannan asara tun a tsakar gida ake yin ta, kafin a tayar da mota, domin har yau da dabarar ɗaurin kayan kakanninmu muke ɗaure kayan da ba irin nasu ba.

A tuna abin da ake kira kayan ɗaki a da. Ƙwarya ce da akushi, sai tasoshi, daga baya aka samu kwanon sha da langa da fanteka da kwalla, da gadon ƙarfe mai rumfa. Duk waɗannan kaya ne masu haƙuri. Ana jera ƙarami cikin babba, a ƙulle da tsohon zane, a aza a ka ko a jaki ko a amalanke. Kwalla in ta faɗi, iyakarta ta lotse ko fenti ya ɗan ɓare, a ci gaba da amfani da ita shekara ashirin. Gadon ƙarfe kuwa a kwance shi a ɗaura sau goma, yana nan. Kayan yau ba haka suke ba. Yawancin gadaje da sif da ake saye a Zariya ko Kano da katakon garin itace da aka matse da gam ake yin su. In ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ba ya komawa, in kuma noti ya fizge daga jikinsa ramin ba ya sake riƙewa. Ga tangaran, ga gilashi, ga talabijin mai faɗi wadda danna kaɗan ke kashe fuskarta, ga firji, ga tukunyar gas. Uba ya sayar da buhunan masara, uwa ta yi shekara biyu tana zubin adashi, sannan a miƙa dukiyar ga samarin unguwa su jibga ta yadda ta zo hannu.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da ƙa'idarsa, kuma ba boko ake buƙata kafin a san ta ba. Firji a tsaye ake ɗaukarsa, domin in aka kwantar da shi man injinsa yana gangarawa cikin bututun sanyi. In an isa kuma a bar shi a tsaye na wasu awanni kafin a jona wuta. Faranti a kan gefensa ake jera shi cikin kwali, da tsumma tsakanin kowane biyu, don in aka ɗora su a kwance na ƙasa ne ke shan nauyi da girgiza. Madubi da talabijin su ma a tsaye, a matse tsakanin katifu. Tukunyar gas a rufe bakinta, a cire mata kai, a tsayar da ita a ɗaure. Janareta a tsiyaye man da ke cikinsa. Masu nauyi su zauna a ƙasa kusa da kan mota, marasa nauyi a sama. Gado da sif kuwa kafintan da ya haɗa su ya kamata ya kwance su, ya zuba notunan a leda ya ɗaure a jikin katakon. A gidan manomi akwai ƙari: maganin feshi da taki kada su hau wuri ɗaya da buhun hatsi ko kayan gara, domin jarka ɗaya ta yoyo ta isa ta haramta abincin wata guda.

Za a ce duk wannan kuɗi ne, ga tsadar rayuwa. Gaskiya ne cewa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, shi ya sa kowa ke son ya gama a sawu ɗaya. Amma a yi lissafin da kyau. Kwalin taliya da na sabulu suna nan a kowane kanti, tsofaffin zannuwa da buhuna suna cikin gida, tamfol ana aro. Abin da ake kashewa a gaskiya yini guda ne na natsuwa kafin ranar tashi. Sawu na biyu kuma, duk tsadarsa, bai kai kuɗin sabon firji ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, manomin Kudan ko Ikara da zai loda tumatir zuwa kasuwa ba ya yarda a ɗora masa buhu a kan kwando, yana tsaye har a ɗaure igiya ta ƙarshe, domin ya san abin da ya dame ya zama asararsa. Ilimin yana nan a garin, ba a dai kai shi ɗakin mata ba.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi nauyi, kuma ba na raina ta. Kai kaya a buɗe al'ada ce. Iyaye suna so gari ya ga ba su kai 'yarsu hannu rabbana ba, gwaggwanni da ƙannen uwa kuma suna da haƙƙin rakiya. To amma wurin nuna kaya shi ne ɗaki, bayan an yi jere, inda 'yan ganin ɗaki za su shigo su ƙare wa komai kallo. Sif ɗin da ya sha ƙurar hunturu ko ruwan Agusta a hanya ba ya ƙara wa kowa daraja. Batun hawan mutane a kan kaya kuwa ya wuce maganar dukiya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan haɗa mutane da kaya a bayan mota, kuma dalilin a fili yake: kaya masu tsayi suna sa mota ta yi saurin kifewa a kwana, wanda ke zaune a kan katifa kuma ba shi da abin riƙewa. Masu rakiya su shiga motarsu daban. Wanda zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali ya soke riƙo da sababi ba.

Saura abin da mutane suka fi jin nauyinsa, wato rubuta kaya. A wajen wasu, a ɗauko takarda ana ƙirga kuloli da zannuwan gado a gaban dangi kamar zargi ne. Amma a ranar jere hannu ya yi yawa, masu shiga da fita ba iyaka, kuma abin da ya ɓace a rububi shi ke haddasa zargin da ake gudu, wani lokaci tsakanin dangin ango da na amarya tun ba a je ko'ina ba. Mace ɗaya mai amana daga kowane ɓangare, a sa lamba a kan kowane kwali, a ƙirga wajen lodi a ƙirga wajen sauke, ya wadatar. Takardar tana da amfani har gaba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, ana duba abin da aka saba na mata ne a ba matar bayan ta yi rantsuwa, na maza a ba mijin. Wannan hukunci yana da sauƙi a kan kwalla da tasa, amma firji da talabijin da janareta na waye a al'ada? Rubutun da aka yi ranar kai kaya, da sa hannun shaidu biyu, yana raba wannan gardama ko a rabuwar aure ko a rabon gado. Ita wannan takarda, tare da takardun gona da na makaranta da gwalagwalan amarya, ba sa shiga bayan akori-kura. A jakar hannun uwar ɗaki suke tafiya.